Kada Ka Bari Ya Fita

Daga shagon walda, ranar Lahadi

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen asibitinku na bayan duwatsu, inda ko waya ba ta san hanya ba. Yaya ƙafar nan taki? In dai har yanzu a kanta kike wuni kina karɓar haihuwar 'ya'yan mutane, to kada ki ƙara kawo mini ƙararta. Mu nan lafiya lau. Gwaggonki ta samu sauƙin tarin, har ta koma faɗa da kowa, kuma ni da ta haifa na fi kowa samun rabo. Maman yara tana gaishe ki. Direban motar magungunanku ya ce jibi zai taso, shi ya sa na zauna rubutu da hannun da ya fi sabawa da guduma.

Autanki lafiyarsa ƙalau. Sai dai kwanan nan ba ma shan inuwa ɗaya da shi, kuma gara ki ji daga bakina.

Hukumar birni ta fito da sabuwar doka. Kin san yadda babura suke tsayawa a bakin kasuwa da ƙofar asibiti da gindin gada. To, an bi duk wuraren nan an ja layi da rawayan fenti, an ce duk babur ɗin da ya tsaya a ciki sai ya biya kuɗin ajiya, a wajen layi kuma laifi ne. Ko fasinja ka sauke ka tsaya shan ruwa, sai ka biya. An ba wani ɗan kwangila aikin karɓa, ya zuba ma'aikatansa masu rawayan riguna a kowane lungu. Mai haya irin Auta, sau nawa yake tsayawa a wuni? Ki auna da kanki.

Wanda bai biya ba, sai su kafa wa tayarsa ta gaba wani ƙarfe mai baki biyu, su datse da kwaɗo. Masu babura sun raɗa masa suna mari. Yaya, ni nake ƙera marin.

Ɗan kwangilar ne ya zo har shago da samfuri a hannunsa. Lokacin aiki ya yi ƙasa sosai, sai in wuni ban kunna inji ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce ban san na mene ne ba. Na sani, na karɓa.

Ran Alhamis suka kafa wa babur ɗin Auta a ƙofar asibiti, ya shiga raka wata tsohuwa da ya ɗauko. Da ya fito ya durƙusa yana duba ƙarfen, sai ya gane ɗinkin waldar. Da yamma muna cin abinci ya ce, "Kawu, hannunka ne." Na ce masa aiki ne aka kawo mini. Ya ce, "Ni ma nawa aikin ne ka ɗaure." Ya wanke hannu ya tashi.

Yanzu ya ce zai kwashe kayansa ya bar mini gida, ya koma ɗakin abokansa a bayan tasha. Na san ɗakin. Ba wurin da za ki so ɗanki ya kwana ba ne. Tun da kika damƙa mini shi bayan rasuwar mahaifinsa ban taɓa ɗaga masa murya ba, kuma ba na so in fara yanzu da ya zama magidancin kansa. Ki rubuto mini abin da kika gani.

Ɗan gwaggonki,
Maƙerin da kike tsokana

*

Daga shagon walda, ranar Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan jiki da aiki lafiya. Mu ma muna nan, sai dai barcin Gwaggo ya ragu, ta ce ƙarar babura ta canza mata a kunne. Na ce tsufa ne, amma ni ma na ji abin da ta ji.

Direbanku bai dawo ba, ban kuma ji daga gare ki ba. Wannan wasiƙar zan ba wani mai motar katako da ya ce yana bi ta kusa da ku. Ban san shi sosai ba, amma ba zan iya jira ba.

Abin ya wuce inda na bar miki shi. Masu babura sun daina biya. Ba 'yan haya kaɗai ba, har malaman makaranta da masinjoji da masu kai burodi shaguna. Sun naɗa kwamiti, shugabansu wani dattijo ne mai ɗingishi da suke kira Ciyaman, wanda ya tsufa a kan babur. Auta yana cikin kwamitin. An ce in ya miƙe yana magana a rumfarsu, har masu shayi barin tukunya suke yi. Bakinki ya gado, ban yi mamaki ba.

Shekaranjiya na zo buɗe shago na tarar da mari ɗaya rataye a jikin ƙofa. An yanka shi gida biyu da zarto. Ba rubutu, ba komai. Maƙwabcina mai faci ya ce bai ga kowa ba, alhali a bakin shagonsa yake kwana.

Jiya kuma ɗan kwangila ya zo karɓar kaya. Ya zauna a kan bencina, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya ji ina da ɗa a cikin kwamitin masu babura. Na ce ɗan 'yar uwata ne. Ya ce, "To a ina suke taron nasu na asiri? Ba rumfa nake nufi ba." Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, za su sani. Duk wannan a bakin titi, babura suna wucewa suna rage gudu.

Sun sa ranar fita: Litinin ta sama. Za su taru su tafi har ƙofar hukumar birni, su ajiye baburansu a can su zauna, ba wanda zai biya ko sisi. Tun yanzu manyan motocin 'yan sanda sun fara kwana a gindin gada, an lulluɓe bayansu da tamfol. Ba wanda ya san abin da ke ciki.

Auta bai bar gidan ba tukuna. Jakarsa tana ɗaure a bakin ƙofar ɗakinsa. Yana gaishe ni da safe kamar yadda ake gaida mai gidan haya. Na ce masa kada ya je ran Litinin, ya ce shi ne zai ja ayarin unguwarmu, in bai je ba wa zai je. Ni kuma bakina ya mutu a wurinsa. Ke kaɗai ce za ki faɗa ya ji. Me zan yi?

Ɗan gwaggonki

*

Daga asibiti, ranar Juma'a

Maƙeri,

Na amsa sallamarka, na kuma gode da ka tuna kana da yaya. Rubutunka yana nan yadda na san shi, kamar kaza ta bi ta kan siminti ɗanye. Ƙafa da sauƙi. Ruwa ne ya cinye mana hanya a wajen kwari, motar magunguna ta daɗe a tsallake tana kallonmu muna kallonta, shi ya sa ka ji ni shiru. A makon nan na karɓi tagwaye da fitilar hannu a bakina. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ta rage faɗa ta bar mini nawa kason. Ka gaida maman yara da haƙurin zama da kai.

Maganar mari na karanta ta har sau biyu. Ba zan ce ka kyauta ba. Ba kuma zan zauna a nan in ce ka zubar da abincin 'ya'yanka ba, tunda ba ni zan ciyar da su ba. In kana da hanyar zare hannunka a hankali, ka zare. Abin da ya taɓa cikin mutane ba ya ƙarewa da daɗi, ina ganin irinsa a nan ko a kan layin karɓar magani.

Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ka ce Auta yana shirin yi. Ban yarda ba. Na san abin da na haifa. Zuciyar ubansa ce da shi, in ya sa ƙafa ya fita, girman kai ba zai bar shi ya juyo ba. Waɗanda zai bi ɗin ma ban san su ba, ban san iyayensu ba. Shi kaɗai ya rage mini a gabana, yayyensa mata kowacce tana gidan wani.

Kada ka bari ya fita, Maƙeri. Kai da kake ƙera abin da ke tsayar da babur, ka rasa yadda za ka tsayar da yaro ɗaya? Ko ɗaure shi za ka yi, ka ɗaure, na ba ka wuƙa da nama. In ya yi fushi ka ce ni na sa ka. Zai huce. Yana ƙarami ma haka yake, ya kumbura kamar zai fashe, da ya ji ƙamshin girki sai ka gan shi a bakin murhu.

Na sa wa Gwaggo man zafi a cikin ambulan ɗin nan, a shafa mata a ƙirji. Kai kuma ka riƙa sa tabaran walda, na gaji da jin labarin jajayen idanunka.

'Yar kawunka

*

Daga gida, ranar Laraba

Yaya,

Gaisuwa. Kowa yana da rai da lafiya, na fara da wannan don hankalinki ya kwanta kafin ki karanta sauran. Man zafi ya iso.

Wasiƙarki ta same ni ran Lahadi da la'asar, ana gobe fita. A tsaye na karanta ta a bakin shago. Na yi abin da kika ce.

Da asuba, kafin ya tashi, na ɗauko mari ɗaya na kafa wa babur ɗinsa a tsakar gida. Sai na ga ai yana iya tafiya da ƙafa. Ƙofar ɗakinsa ta ƙarfe ce, ni na haɗa ta, tana da sakata ta waje. Na zura, na sa kwaɗo. Maman yara ta riƙe mini riga ta ce, "Baban yara, wannan fa ba yaro ba ne." Na ce umarnin uwarsa ne.

Da ya farka ya ja ƙofa, ya ɗauka wasan ƙannensa ne. Da ya ji muryata sai ya saki ƙofar. Can ya ce, "Kawu, buɗe. Mutane suna jirana." Na ce mahaifiyarka ta ce kada ka fita. Ya ce, "Ba ka san abin da kake yi mini ba." Ya bugi ƙofar nan har Gwaggo ta toshe kunne tana kuka. Daga baya ya daina bugu, ya koma roƙo. Roƙon ya fi bugun wuya, Yaya. Na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofar, na juya mata baya.

Da hantsi layukan waya suka ɗauke a duk birnin. Daga nan muka fara jin ƙara daga wajen gada, kamar ana jefa buhuna daga kan mota. Iska ta kawo mana yajin barkonon tsohuwa har tsakar gida, yara suna ta tari.

Ga abin da ya faru, yadda na tattara daga bakin mutane. Kwamiti sun shirya haɗuwa da sassafe a wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi, daga nan kowa ya tafi ya ja ayarinsa. Su kaɗai suka san wurin. Da suka isa, ashe 'yan sanda suna ciki tun kafin su. Aka kwashe su duka har da Ciyaman. Sauran mutane suka fita ba jagora, aka tare su a gada. An karya da yawa, an kwashe babura mota-mota. Ana cewa wani mai kai burodi bai tashi ba, ban tabbatar ba.

Da azahar na buɗe masa. Yana zaune a ƙasa da takalmansa a ƙafa. Na miƙa masa wasiƙarki, bai karɓa ba. Ya fita da ƙafa, ya dawo kafin magariba, ya shiga ɗaki. Ban san abin da ya ji a waje ba.

Bayan shigarsa kaɗan wasu masu babura suka zo. Ba su yi sallama ba, ba su kuma shigo ba. Suka tsaya a bakin ƙofar gida suna leƙen tsakar gida. Sai a lokacin na tuna ban cire marin ba. Ga babur a wanke tas, ko ƙura babu, ga rawayan ƙarfe a tayarsa. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗaure da tsumma a goshi, ya ce, "Duk kwamiti suna hannu, sai ɗan gidan mai mari." Wani ya ce, "Har da shaidar da zai nuna mana an tanadar masa." Suka juya suka tura baburansu, ba su tayar ba sai da suka kai kwana.

Jiya da safe muka tarar an zuba baƙin mai a dokin ƙofarmu, daga wannan bango zuwa wancan. Maman yara ta kwashe da toka. Yau an sake zubawa.

Duk da haka ina gaya wa kaina, da ban bi maganarki ba, da yanzu yana hannunsu ko yana gadon asibiti. Ki rubuto masa da kanki. Ni ko kallona ba ya yi.

Ɗan gwaggonki

*

Daga asibiti, ranar Talata

Maƙeri,

Na ji kuna lafiya, na gode wa Allah. Ni ma jikina lafiya. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau.

Wasiƙunka biyu suka zo mini rana ɗaya: wadda ka ba mai motar katako, da ta bayanta. Ta mai katako a shagon wani mai sayar da taya ta kwana da kwanaki, sai da wata mai jego ta gane sunana ta kawo mini. Lokacin da na rubuta maka, ban san da wani kwamiti ba, ban san da wata Litinin ba. Wasiƙarka ta farko kaɗai na gani. A cikinta ka ce zai kwashe kaya ya bar gidanka. Fitar da nake nufi ke nan. Kada ka bari ya fita daga gidanka ya koma bayan tasha. Maganar ɗauri kuwa, kai da ni tun muna yara yaushe muka taɓa magana ba tsokana a ciki?

Na zauna a ɗakin magani na karanta abin da ka yi, na saki salati har abokiyar aikina ta karɓe takardar ta ɗauka rasuwa aka yi. Da ka tambaye ni game da Litinin, wataƙila in ce kada ya je, ni uwa ce. Amma da baki zan faɗa masa, in ya ƙi in bi shi da addu'a. Ba zan ce a sa wa namiji mai gemu kwaɗo mutanensa suna jiransa ba. Ka tsare masa jikinsa ka bar sunansa a titi.

Na so in yi ta zaginka har takarda ta cika. Sai na tuno abin da na rubuta maka na sake bi a zuciyata, na ga ni ma da na tsaya a inda ka tsaya, da abin da zan karanta ke nan. Bakina ne ya yi kaifi inda bai kamata ba.

Yanzu ka ji. Ka ɗauki waccan wasiƙar tawa da wannan, ka je rumfarsu da ƙafarka, da rana, kowa yana gani. Ka faɗa musu kai ka kulle shi, ni na sa ka. Ka kai maman yara ta ba da shaida in sun so. Mutanen da aka karya wa ƙafa suna neman wanda za su ɗora wa, kuma ba za su iya kaiwa ga ɗan kwangila ba. Auta ne a kusa.

Aikin marin nan kuma ka ajiye shi yau, ba a hankali ba.

Na sa takarda daban a ciki, tasa ce, kada ka buɗe. Na nemi hutu, shugabar asibiti ta ce sai wadda za ta canje ni ta iso. Mata uku ne a nan cikinsu ya tsufa, ba zan iya tsallake su in tafi ba. Ka rubuto da wannan direban, kada ka ƙara ba baƙo.

'Yar kawunka

*

Daga asibiti, ranar Asabar

Maƙeri,

Ina gaisuwa. Ina fata Gwaggo da yara lafiya.

Direba ya je ya dawo hannu wofi. Ya ce da ya koma karɓar amsa ya tarar da shagonka a rufe, mai faci ya ce masa bai san inda kake ba. Ya je gida, aka yi masa magana ta bayan ƙofa aka ce ba ka nan. Na tambaye shi ko ya ga Auta, ya ce ya ga babur a jingine, tayoyinsa duka ba iska. Daga nan ya fara kallon ƙasa, na rasa abin da zan ƙara tatsa daga bakinsa.

In fushi kake da abin da na rubuta, ka yi fushinka bayan ka gaya mini inda ɗana yake. Layi ɗaya ya isa.

Wadda za ta canje ni ta iso jiya. Zan taho da motar mako mai zuwa.

'Yar kawunka

*

Daga gida, ranar Talata

Yaya,

Na gaishe ki. Gwaggo tana nan, ta daina faɗa, abin da ya fi damuna ke nan. Yara na tura su gidan kakanninsu. Ba fushi nake ba. Ina ciki lokacin da direba ya zo, na rasa abin da zan ba shi ya kawo miki. Auta yana da rai, na gan shi da idona jiya.

Na je rumfar kamar yadda kika ce. Suka bar ni na yi magana har na gama, wani ya karanta wasiƙunki da ƙarfi. Ba wanda ya taɓa ni. Mataimakin Ciyaman, wanda yake riƙe da su yanzu, ya ninke takardun ya miƙo mini ya ce, "Mun ji, Baba. Uwa ta ce a kulle, kawu ya kulle. To wa ya gaya wa 'yan sanda gidan mai?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "An ga ɗan kwangila a kan bencinka yana dafa ka." Na sa takardun a aljihu na fito.

Aikin mari na mayar. Ɗan kwangila bai ko ɗaga kai ba, ya ce masu walda sun yi yawa a birni. Sababbin da ake kafawa yanzu sun fi nawa kauri.

Auta ya karanta takardarki, ban san me kika ce masa ba. Ya gwada komawa aiki. In ya tsaya a inda suke jiran fasinja, sai su tashi su bar masa wurin. Wanda suka yi makaranta tare ya tofar da yawu a gabansa. Ranar da aka farke masa tayoyi, a ƙafa ya turo babur ɗin tun daga kasuwa.

Ran Alhamis da safe ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya shiga ya gaida Gwaggo ya daɗe a wurinta. Da ya fito ya tsaya a kaina. Rabon da ya yi mini magana tun ranar da na kulle shi. Ya ce, "Kawu, ban riƙe ka a zuciya ba. Amma kada ka biyo ni." Na ɗauka tasha zai koma. Ashe ofishin 'yan sanda ya nufa. Ya ce musu shi ne ɗan kwamitin da ya rage, sun manta da shi. An ce da farko dariya suka yi, suka ce ya tafi gida. Ya zauna a kan bencinsu ya ƙi tashi, yana lissafa musu abin da ya yi a shirin fitar, har suka gaji suka rubuta. Ɗaki ɗaya suka sa shi da su Ciyaman.

Kwanakin nan na yi su ne a bakin ofishin. Abincin da na kai ana karɓa, kwanon ya dawo wanke, ban san cikin wa ya shiga ba.

Jiya aka kai su kotu. An haɗa su bibbiyu da ankwa, shi an haɗa shi da Ciyaman. Idonsa na hagu a kumbure yake, ya rufe. Ban san ko 'yan sanda ne ba, ko na cikin ɗakin. Dattijon yana ɗingishi, Auta yana rage tafiya don ya daidaita da shi. Da suka zo daidai inda nake, Ciyaman ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne kawun?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ka gaya wa uwarsa tare muke ci." Ɗan sanda ya tura su gaba. Auta bai juyo ba.

An hana beli, an ɗaga zaman. Na ji ana cewa mai burodin nan ya cika a asibiti, kuma ranar da za a sake kawo su kotu masu babura za su sake fita. Motocin gindin gada sun ƙaru. Maganar Ciyaman ni kaɗai na ji ta, na waje ba su ji ba, kuma ba daga bakina za su karɓa ba. Baƙin mai har yau ana zubawa.

Direba ya ce da shi za ki taho. Ki saurare ni, wannan ba tsokana a ciki. Ki roƙe shi ya kawo ki har ƙofar gida. In bai samu dama ba ya sauke ki a tasha, ki nemi mota, ko ki tako da ƙafar nan taki a hankali. In kuma dole sai babur, ki sauka a bakin masallacin unguwa ki ƙarasa da kanki. Za su tambaye ki gidan wa za ki, suna tambayar kowa yanzu. Kada ki ce gidan mai walda.

Ɗan gwaggonki